Ranar da Leɓen Auta Ya Yi Barci

Ƙanena ya haura shekara sittin, furfura ta cinye kansa, jikokinsa sun isa aike, amma har gobe ba ka raba leɓensa na ƙasa da ɗigon cakulan. Shi ya sa duk titinmu ake ce masa Mai Ɗigo. Ni dai Auta nake kiransa, don ni na goya shi, kuma tun yana bayana na san inda zai ƙare. Duk ranar da na sauke shi sai in tarar ya tsotse bakin mayafina, don kawai na taɓa ƙulla sukari a wurin.

Sana'arsa askirim mai tsinke, irin na Italiya, wanda ake tsomawa a narkakken cakulan ya fito da siririn ɓawo. Shagonmu ƙarami ne, mutum biyu masu jiki ba sa gifta juna a ciki, kuma ni ina da jiki. Firiza biyu a jikin bango, kanta a gaba, murhu a lungu, da tukunyar cakulan zaune a kan wata tukunyar ruwan zafi. Ni ke haɗa farin. Madara, kirim, sukari, gwaiduwar ƙwai, in yi ta juyawa a kan wuta har ya kama bayan cokali, in bar shi ya huce, in zuba a 'yan mazubai na ƙarfe, in soka wa kowanne tsinkensa na katako a tsakiya, ya kwana a firiza. Tsomawa kuwa tasa ce shi kaɗai. Wai hannuna ya yi nauyi. Hannun da ya yi masa wanka har ya yi wayo!

Kafin ya zo nan babu sana'ar da bai ɓata ba. An kai shi gareji, aka ba shi inji ya haɗa, ya haɗa tsaf ya rage da kusoshi cikin hula, yana cewa masu ƙera motar ne suka zuba su da yawa. An kai shi gyaran agogo, agogon mutane suka shiga tsere da juna. Mahaifinmu ya ɗaga hannu ya ce shi ya gaji. Daga ƙarshe ya samu wanke-wanke a kicin ɗin wani otal, inda wani tsoho ɗan Italiya ke haɗa kayan zaƙi. Rannan tsohon ya kama shi dumu-dumu yana lasar tukunya. Maimakon ya kore shi, sai ya tambaye shi da hannu yadda ya ji. Auta, don rashin kunya, ya nuna gindin tukunyar ya yamutsa fuska, wato ta ɗan ƙone. Tsohon ya sunsuna, ya yi dariya har da riƙe ciki, daga ranar ya janye shi daga wurin wanke-wanke. Wannan ba ya jin harshen wancan sosai, don haka da cokali aka yi karatun.

Ga abin da ya koya. Cakulan in ya yi zafi, sai ya narkar da askirim ya zame daga tsinke. In ya huce da yawa, sai ya yi kauri ya fito kamar an lulluɓe shi da bargo, haƙori ya sha wuya. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani ɗan wuri, kuma Auta da leɓe yake gano shi. Ya ɗauki ƙaramin cokali mai tsabta, ya ɗebo kaɗan, ya ɗiga a tsakiyar leɓensa na ƙasa, ya jefa cokalin a kwanon wanki, ya lumshe ido. In ya ce da saura, da saura. In ya ce ya yi, ya yi. Na tambaye shi me yake ji a wurin har bakina ya gaji.

"Yaya, ba a faɗa," in ji shi. "Ji ake yi."

Babban ɗansa ya taɓa kawo masa ma'aunin zafi mai kyau, dogo, na ƙarfe. Ya yi godiya, ya sa albarka, yaron na juya baya ya soke shi a tukunyar furen da ke bakin ƙofa don ya tallafe wani reshe da ya ranƙwafa.

Duk da haka ba zan rage masa ba, in yana tsomawa abin kallo ne. Ya zaro askirim daga firiza yana hayaƙin sanyi, ya kifa kansa ƙasa, ya nutsa shi har wuya, ya fizgo, ya murza tsinken tsakanin yatsu biyu, ragowar ta ɗige. Sai ya ɗaga shi sama yana kallo, ƙyallin ya riƙa dusashewa daga ƙasa zuwa sama har ɓawon ya ƙame. Yara su manna hanci a gilashi, ni in bi da tsumma ina masifa. Wanda ya saya ya gatsa, a ji ƙas! Wannan ƙarar ita ce albashin Auta. In bai ji ta ba yini yake yi yana ƙunci.

Matarsa marigayiya ita ce mai goge ɗigon. Kullum in za a rufe shago sai ta zaro hankici, ta kama haɓarsa, ta ce, "Tsaya mana, kai kamar yaro," ta goge, su jera su tafi gida. Da ta rasu, na ga yana kulle shago yana bin titi da abinsa a baki. Na ce masa, "Auta, ka goge bakinka." Ya ce, "Bar shi, Yaya." Na gane. Ban sake tankawa ba, kuma duk wanda ya san ni ya san shiru ba halina ba ne.

Haka muka yi shekaru har wata mai ɗinkin labule, da muke kira Mai Labule, ta buɗe shago a tsallaken titi. Ita ma mijinta ya rasu. Doguwa ce, da igiyar awo a wuya kullum, da tabarau a saman kai wanda take yini tana nema. In ta yi dariya har cikin firizarmu ana ji. Ta fara tsallakowa da yamma tana sayen guda ɗaya, ta tsaya a kanta ta gatsa, ta karkata kai tana sauraron ƙarar, ta ce, "Maƙwabci, yau ma ya yi." Shi kuma ya ce, "Maƙwabciya, yau ana rana." Ta ce ai kuwa ana rana. Shi ke nan hirar. In ana ruwa ya ce ana ruwa.

Sai na ga ƙanena ya fara son labule. Shagonmu taga ɗaya gare shi, aka ɗinka mata. Ba a jima ba ya ce launin bai dace da bango ba, aka ɗinka wani. Ya ce ƙofar sito tana buƙata. Ya ce cikin siton ma yana buƙata, wurin da ko ɓera bai taɓa ganin taga ba. Ranar da na zo na tarar da Mai Labule tana awon firiza, shi yana riƙe mata bakin igiya yana zufa, sai da na zauna.

"Auta, firiza kunyar wa take ji?"

"Ƙura, Yaya. Ƙura na ɓata inji."

Mai Labule ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Duk titi ya sani. Mai aski ya sani, mai kemis ya sani, har kuliyar mai gyaran takalmi ta sani. Ita ma ta sani sarai, jira kawai take a buɗe baki a faɗa. Shi kuwa da ya gan ta sai ya koma mai ba da labarin rana da ruwa.

Ana nan, wata yamma ta tsallako ba igiya a wuya. Ta ce ɗanta da ke wani gari mai nisa ya matsa ta koma wurinsa, ya ce ba zai bar ta tana zaune ita kaɗai ba, kuma ita ta rasa hujjar da za ta ba shi. Ta ce jibi da yamma zai zo da mota ya kwashi keken ɗinki da ita. Tana faɗa tana kallon Auta ido cikin ido, musamman wurin maganar hujja. Ƙanena ya buɗe baki.

"Allah ya kiyaye hanya," in ji shi.

Tana fita na ɗauki tawul na sharɓa masa a ƙeya.

"Allah ya kiyaye hanya? Direba ne kai? Mata ta zo har gabanka tana neman hujja, ka ba ta addu'ar matafiya!"

"Yaya, bakina ne ya ƙi."

"To ka lallashe shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kai ranar tafiyar kaɗai ta rage maka."

Ya zauna a kan akwati ya dafe kai. Na ji tausayinsa, don na san ba wauta ce kaɗai ba, tsoro ne. Mutumin da ya taɓa rasa mai goge masa baki yana jin tsoron sake sabawa. Can ya miƙe ya ce ya yanke shawara. Ranar tafiyar za mu tara maƙwabta a yi mata sallama a shago, kowa ya sha askirim, ita kuma zai tsoma mata nata a gabanta, ya miƙa mata, ya faɗi maganar. Ya ce in abu na hannunsa bakinsa ba ya rawa. Washegari ya yini yana maimaita jawabin a gaban firiza mai labule, har da ɗan rusunawa. Ni ina damun madara ina gyara masa. Jawabin ya yi kyau, har sai da na share ido.

Ana wata ga wata. Safiyar ranar sai ga Auta da kumatu ɗaya a kumbure, ido ɗaya ya ƙanƙance. Ashe akwai haƙorin ƙasa da ya daɗe yana ɓoye mini, yana tauna ta gefe guda, kuma bai ga ranar tashi ba sai yau.

"Haka zan yi, Yaya, ba komai."

"Haka za ka je neman aure da fuska ɗaya da rabi? Sa takalminka."

Na ja shi har wurin likitar haƙori, wata yarinya mai sanyin hali, sa'ar 'yarsa. Ta leƙa bakin, ta girgiza kai, ta ce, "Baba, zaƙi ya yi yawa." Ta yi masa allura a dasashi, ta cire haƙorin, ta sa auduga. Muka fito yana tsalle kamar ɗan makaranta ranar hutu. Ciwo ya tafi! Ya gaida mutanen da bai sani ba, ya yaba wa wani kare. Maganarsa ta ɗan karkace, kamar ta mai abinci mai zafi a baki, amma na ce kafin yamma za ta miƙe. Ni da shi, mu biyu da muka tsufa a gaban tukunyar nan, babu wanda ya tuna da me ake auna cakulan.

Bayan rana ta karya maƙwabta suka fara zuwa. Mai aski da farar rigarsa, mai kemis da alƙalami a kunne, da wasu mata daga layin baya. Mai Labule ta zo a ƙarshe, ta ci kwalliya, jaka a kafaɗa, tabarau a saman kai. Tsallaken titi kuwa an jera kayanta a bakin ƙofa, keken ɗinki a ɗaure da igiya. Auta ya ɗaura sabon farin ƙyallen aiki a gaba, ya ɗauki cokali, ya ɗiga a leɓe, ya lumshe ido. Sai ya buɗe da murna.

"Ya yi! Yaya, karon farko ya yi. Alama ce mai kyau."

Na kalli tukunyar. Ko daga inda nake ina jin hucinta a fuska.

"Auta, anya? Yanzu fa na sauke ta."

"Ke da leɓe wa ya fi sani?"

Ya zaro na farko, na mai aski. Ya kifa, ya nutsa, ya ɗan daɗe yana yi wa Mai Labule murmushi rabin fuska, ya fizgo da salo, ya ɗaga sama. Tsinke ne tsirara. Askirim ya yi zamansa a cikin tukunya.

"Wannan na masu rage ƙiba ne?" in ji mai aski.

Auta ya ce ni ce ban soka tsinken da kyau ba. Na haɗiye, saboda baƙi. Ya sake ɗigawa a leɓe, ya ce daidai yake, ya tsoma na biyu. Wannan ya fito, ya tsaya a kan tsinke kamar zai yi mutunci, sai ya sulale a hankali ya faɗa kan takalmin mai kemis. Na uku ya bi na farko. Auta ya riƙa ɗiga cokali bayan cokali a leɓe, cakulan na gangarowa haɓa bai sani ba, yana ta cewa daidai ne, wallahi daidai ne. Cakulan kuwa ba ya shiri da ruwa ko ɗigo. Da narkakken askirim ya ishe shi sai ya murtuke, ya dunƙule, cokali ya tsaya a ciki ƙyam.

Mai kemis ya matso ya leƙa fuskarsa.

"Malam Mai Ɗigo, allura aka yi maka a baki yau?"

"Ƙwarai."

"Taɓa leɓenka."

Ya taɓa. Ya sake taɓawa. Ya ja shi, ya saki, ya murɗa. Idanunsa suka yi waje.

"Yaya, ba ya nan."

"Yana nan," in ji mai kemis, "barci yake. Ba zai farka ba sai rana ta faɗi."

Sai rana ta faɗi! Ai kafin nan mota za ta zo ta tafi. Mata suka fashe da dariya, mai aski ya fita waje ya dafa bango. Ni ma na so in yi, amma na ga fuskar ƙanena. Leɓen ya yi ja, ya ɗan kumbura don ƙuna, yana lilo. Duk shirinsa a kan askirim ɗin nan ya ɗora shi. In babu abin miƙawa, na san maganar ba za ta fito ba, Allah ya kiyaye hanya za a sake yi.

Na ture shi gefe, na sauke ɓatacciyar tukunya, na ɗora sabuwa. Na juye ragowar cakulan da ke sito, iyakarsa ke nan, na zuba ɗan man 'ya'yan kokon da ake cakulan da su ya sassauta, na juya har ya narke, na sauke. Sai aka shiga neman leɓe.

Auta ya gwada na sama, gashin baki ya shanye. Ya ce in gwada nawa. Ni da nake shan shayi yana tafasa? Na ɗiga na ce sanyi ƙalau, alhali tukunyar ko taɓuwa ba ta yi. Mai aski ya dawo ya ce a ba shi, ya ɗiga, ya lashe, ya ce, "Kai, da daɗi," ya miƙo cokali a ƙara. Aka kore shi. Auta ya tuna da kyautar ɗansa, ya yi ihu a zaro ma'aunin daga tukunyar fure. Mai kemis ya ruga ya zaro, reshen ya faɗi, aka wanke ƙasar da sabulu, aka goge ƙayau, aka tsoma. Lamba ta hau.

"To, a nawa kake tsomawa?" in ji mai kemis.

Auta ya kalle shi. Ya kalli ma'aunin. Ya kalle ni.

"Ban taɓa tambaya ba."

Na ce Allah ya ƙara, kuma gobe sai in kira babban ɗan nasa in faɗa masa.

Duk wannan hargitsi Mai Labule na tsaye a bakin kanta, ta toshe baki da jaka, hawayen dariya na zuba. Sai ta ajiye jakar, ta zagayo bayan kanta, wurin da baƙo bai taɓa shiga ba. Na matse cikina ta wuce. Ta wanke hannu, ta tsane shi sosai, ta ɗauki cokali mai tsabta.

"Maƙwabci, nawa a farke yake. Faɗa mini me zan ji."

Auta ya daskare. Tun bayan tsohon nan, mutum ɗaya ya taɓa gaya wa, matarsa, kuma tana ƙasa. Ya waiwayo ya kalle ni, irin kallon da yake mini yana yaro in an ce ya tsallake kwata.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," na ce masa. "Faɗi."

Ya share murya. Maganar ta fito a karkace, amma kowa ya ji.

"In kika ji zafi, da saura. In kika ji sanyi, ya wuce. In kika ɗiga ba ki ji komai ba, kamar ba a taɓa ki ba, to shi ne."

Ni ce na fara ganewa.

"Komai? Auta, sirrin da ka hana ni tun gashina na baƙi, ba a jin komai ne?"

"Shi ne."

"Shi ya sa yau duk wanda ka ɗiga ka ce ya yi!"

Nan na zame na zauna a kan buhun sukari. Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo. Mai kemis ya kifa kai a kanta, mata suna tafa hannu, mai aski na ihu daga waje a faɗa masa me aka ce. Auta ma ya yi, da rabin baki.

Mai Labule ta ɗebo, ta ɗiga a leɓenta, ta lumshe ido yadda ta saba gani yana yi.

"Zafi."

Na juya tukunyar, muka jira. Ta canja cokali.

"Da saura, amma kaɗan."

Sai ga ƙarar mota a tsallake, an yi hon. Ɗanta ne. Muka gan shi ta taga, ta tsakanin labulen da uwarsa ta ɗinka, ya fito da yaran mota sun fara ɗora kaya. Ya sake hon. Mai Labule ko waiwayawa ba ta yi ba, ta ɗaga hannu ɗaya kawai, wato a jira. Ta ɗauki wani cokalin. Ta ɗiga, ta rufe ido.

"Ban ji komai ba," ta ce a hankali.

Auta ya buɗe firiza ya zaro nata, wanda na zuba a mazubi mafi kyau. Ya kifa, ya nutsa, ya fizgo, ya murza, ya ɗaga. Ƙyallin ya dusashe daga ƙasa har sama. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta gatsa. Ƙas!

Aka ɗau tafi. Na yi masa alama da ido, na yi da gira, na yi da tawul. Jawabi, Auta, jawabi! Ya buɗe baki, na ga jawabin ya gudu ya bar shi, duk wanda muka yini muna gyarawa.

"Maƙwabciya," in ji shi, "gobe ma zan buƙaci wanda zai auna mini."

"Ai mai kemis ya ce da faɗuwar rana zai farka."

"Eh, amma..." Ya taɓa kuncinsa. "Likita ta ce akwai wani haƙorin. Gobe zan koma."

"To jibi fa?"

"Jibi ma. Ina da haƙora da yawa, Maƙwabciya. Ɗaya-ɗaya za a riƙa cirewa."

Na rufe fuska da tawul. Na ce a raina, Allah, na goya shi, na yi iyakar ƙoƙarina. Mai Labule ta daɗe tana kallonsa, ga askirim a hannu, ga ɗigo a leɓenta. Ta daina dariya. Ta buɗe jaka ta zaro wani ƙyallen labule, ta miƙa masa.

"Bar haƙoranka inda suke. Goge bakinka."

Ya karɓa ya goge kunci.

"Ba nan ba. Ƙasa."

Ya goge wuya.

"Sama kaɗan. Hagu. Ɗaya hagun. Kai!"

Ta ba ni riƙon askirim, ta fizge ƙyallen, ta kama haɓarsa.

"Tsaya mana."

Ya tsaya. Ta goge leɓen a hankali saboda ƙunar, ta goge haɓar, har gashin bakin. Hawaye na bin kumatun ƙanena, wanda ya kumbura da wanda bai kumbura ba, bai ko motsa ba.

Ɗanta ya leƙo ƙofa, makullin mota a hannu.

"Mama, an gama ɗora kaya. Mu tafi kafin duhu."

"Sauke keken ɗinkin," ta ce, ba ta saki haɓar ba.

"Mama?"

"Ka ce ba ka son in zauna ni kaɗai. To ga mutum bai san inda leɓensa yake ba, ina zan tafi in bar shi? Shigo ka gaida babanka, a tsoma maka ɗaya."

Yaron ya kalli uwarsa, ya kalli tsohon da aka riƙe wa haɓa, ya kalli firiza mai labule. Ya sa makullin a aljihu ya shigo ya rusuna. Mai aski ya ruga titi yana shela kamar shi aka ba. Aka tsoma sauran askirim duka, ita na aunawa, shi na tsomawa, ni ina miƙawa ina faɗa wa duk wanda ya shigo sirrin kyauta.

An yi auren ba da daɗewa ba. Haƙoransa na nan, sai ɗaya da ya tafi. Yanzu ɗigo biyu ne a titinmu, kuma har yau in ta tsallako yana gaya mata ana rana. Amma ni abin da ba na mantawa shi ne yammacin ranar, da muka rufe shago. Na tsaya a ƙofa na ga ƙanena ya bi titi, yana taɓa leɓensa da ya fara farkawa, fes, babu komai a kai, karon farko tun rasuwar matarsa. Na koma ciki na shige sito, na ja labulen nan da na yi ta zagi, na zauna a bayansa na yi kukana son raina.